Tambayoyin Masu Karatu: Halittun Ruwan Tafasa da Gadon da Muka Haɗa da Su

Wasiƙun wannan karo duk a kan zafi suke. Ba mamaki, tunda a Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40 da tsakar rana a Maradi. Mun ɗauko shida da suka taɓa ƙananan halittu masu son zafi da ƙwayoyin gadon da ke kare su. Wasu tambayoyin mun gajarta su.

Daga malamin kimiyyar halittu, wata lise a Maradi: Assalamu alaikum. Na faɗa wa ɗalibaina cewa zafi yana lalata furotin, na ba su misalin farin ƙwai a kasko. Sai wani yaro ya ce ya ji akwai ƙananan halittu masu rayuwa cikin ruwa mai digiri 100, kuma wai su ma suna da ƙwayoyin gado na bugun zafi irin namu. Ya ce wanda gidansa cikin tafasa yake, wane zafi kuma zai buge shi? Ku ba ni amsar da zan kai aji.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan yaro a sa masa ido, tambayar masana ya yi.

Mu fara da ƙwan. Kowane furotin sarƙa ce ta amino asid, iri 20 ake jerawa, wata sarƙar ta kai ɗari, wata ta wuce dubu. A miƙe ba ta aikin komai. Sai ta naɗe ta ɗauki siffarta, sassan da ba sa shiri da ruwa su shige ciki, masu shiri da shi su tsaya waje. Abin da ke riƙe da naɗin ɗaure-ɗaure ne raunana masu yawa. Da zafi ya ƙaru sai su fara saki, abin ciki ya fito fili ya manne da na maƙwabci. Farin ƙwai daga wajen digiri 62 yake fara wannan curewa, kuma in ya cure ba ya komawa. A cikin sel mai rai, curewar nan ajali ce.

A 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya ga wasu wurare a kan kuromozom ɗin tsutsar ƙudan ƴaƴan itace sun kumbura bayan an ɗaga zafin akwatin da ake renonsu a ciki. Kumburin alama ce ta cewa wasu ƙwayoyin gado sun farka suna aiki. A 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna furotin ɗin da ake ƙerawa a irin wannan lokaci. Aka sa musu suna Hsp, wato furotin ɗin bugun zafi, a bi da lamba gwargwadon nauyi: Hsp100, Hsp90, Hsp70, Hsp60, da ƙanana.

Biyu daga cikinsu sun isa darasi guda. Hsp70 kamu yake yi: ya cafke ɗan guntun sarƙar da ta buɗe don kada ta manne da wata. In ya ƙona ATP, sinadarin da ke ba sel ƙarfin aiki, sai murfinsa ya rufe a kanta, sabon ATP ya shigo ya buɗe ya sake ta, ta sami damar sake naɗewa. Hsp60 kuwa ganga ce mai murfi. A bakteriyar hanji, E. coli, sunanta GroEL: zobe biyu a goye da juna, kowane zobe guntu bakwai, jimla 14, ga murfi mai suna GroES shi ma guntu bakwai. Furotin da ya warware ya shiga, a rufe, ya sami kamar daƙiƙa goma shi kaɗai ba mai manne masa, a buɗe ya fito. In bai gyaru ba a sake mayar da shi. Ƙananan Hsp riƙo kawai suke yi ba tare da ATP ba har agaji ya iso, Hsp100 kuma shi ke zaro sarƙa daga cikin curin da ya riga ya haɗu.

To ga amsar yaron: bugun zafi ba shi da lamba guda. E. coli tana jin daɗi a digiri 37. A kai ta 42, cikin minti biyar ta ninka ƙera Hsp sau da dama. Sel ɗin mutum daga wajen 41 yake fara neman agaji. Pyrococcus furiosus, wadda aka bayyana a 1986 daga gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya, ta fi yaɗuwa a digiri 100, tana rabuwa biyu cikin minti 37, amma a kai ta 105 sai ta kunna nata ƙwayoyin gadon na bugun zafi. Wata Sulfolobus da aka rena a 70, aka ɗaga ta zuwa 88 na ɗan lokaci, ta daɗe a zafin sama da 90 wanda ya yi saurin kashe ƴan'uwanta da ba a share musu fage ba.

Dalili kuwa, furotin ba ya aiki in ya sandare. Enzim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a sel, sai ya ɗan motsa, ya buɗe ya rufe, kafin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Saboda haka furotin ɗin kowace halitta taurinsu daidai da gidanta yake, da ƴar rara kaɗan. Yawancin enzim ɗin Pyrococcus a digiri 37 da ƙyar suke motsi, sanyi ya kama su. A 100 suna daidai. A ƙara ƴan digiri sai su fara saki kamar na kowa.

Abin da muke so ɗalibai su rarrabe shi ne cewa zama cikin tafasa ba aikin Hsp ba ne shi kaɗai, ba ma shi ne babba ba. Furotin ɗin waɗannan halittu da taurinsu aka ƙera su: suna da amino asid masu caji da yawa a waje suna riƙe juna, cikinsu a matse, lanƙwasoshinsu gajeru. Fatar sel ta arkiya, wato rukunin ƙananan halittu daban da bakteriya, wanda Pyrococcus da Sulfolobus ke ciki, da wani irin kitse aka yi ta mai haɗin da ake kira ether, a wasunsu ma shimfiɗa ɗaya ce daga ciki har waje, ba ta rabewa. Suna da wani enzim mai ƙara wa DNA murɗi, ko ADN kamar yadda kuke koyarwa a lise, wanda aka fara ganowa a 1984 a Sulfolobus, kuma ana samun sa a duk masu rayuwa sama da digiri 80. Hsp na ranar da abu ya wuce gona da iri ne. Mafi zafin da aka tabbatar wata halitta ta hayayyafa a cikinsa digiri 122 ne, Methanopyrus kandleri, a 2008, a gwajin masana na Japan ƙarƙashin matsi mai yawa, don ruwa in an matse shi ba ya tafasa a 100.

Daga ɗalibar digiri na biyu, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Na karanta cewa Hsp70 yana cikin duk wani mai rai. Na ɗauki jerin DnaK, wato Hsp70 na E. coli, na neme shi a Pyrococcus furiosus ta BLAST, manhajar neman jeri masu kama da juna, ban sami komai ba. Kuskure na yi? Kuma yaya zan auna kamancen waɗannan ƙwayoyin gado yadda malamaina za su karɓa?

Amsa: Ba ki yi kuskure ba, ɗiyarmu. Wanda ya rubuta "duk" ne ya yi azarɓaɓi.

Kamancen dai gaskiya ne, kuma mai ban mamaki. A 1984 James Bardwell da Elizabeth Craig suka jera DnaK na E. coli da Hsp70 na ƙuda, suka tarar kashi 48 cikin ɗari na amino asid ɗinsu iri ɗaya ne a wuri ɗaya. Ki duba da idonki. Kusa da farkon DnaK za ki ga GIDLGTTNS. Kusa da farkon Hsp70 na mutum za ki ga GIDLGTTYS. Harafi ɗaya ne ya bambanta cikin tara, tsakanin bakteriya da ɗan Adam. Wannan guntu yana cikin aljihun da ATP ke zama.

Kuskuren kwafi yana faɗa wa DNA ko'ina, ba ya zaɓen wuri. Abin da ke zaɓe shi ne wanda ya rayu ya bar zuriya. Turmin Maradi da na Damagaram da na Katsina za su bambanta a zane da ƙafa da irin itace, amma ramin ciki ɗaya ne, don masassaƙin da ya taɓa ramin ya yi turmin da ba ya daka, ba mai saye, ba mai kwaikwaya. Haka aljihun ATP ya tsaya yadda yake, wutsiyar furotin ɗin kuwa ta yi ta sauyawa. Akwai ƙarin dalili: Hsp70 ba da furotin ɗaya yake hulɗa ba, da ɗaruruwa ne, ga mataimakansa DnaJ da GrpE. Sauyin da ya yi wa ɗaya daɗi zai ɓata wa goma. A cire wa E. coli ƙwayar gadon GroEL, ba ta rayuwa a kowane zafi. A cire mata ta DnaK, tana lallaɓawa a digiri 30, a 42 ta kasa.

Duk da haka mafi yawan arkiya masu zama sama da digiri 80, irin su Pyrococcus, Sulfolobus da Methanocaldococcus jannaschii, ba su da Hsp70 sam, ba su da Hsp90. Wato waɗanda suka fi kowa shan zafi su ne ba su da furotin ɗin da ya fi kowanne suna a wannan fanni. Wasu arkiyar suna da shi, kamar Methanosarcina da masu son gishiri, kuma ra'ayi mafi rinjaye shi ne daga bakteriya suka samo shi ta hanyar musayar ƙwayoyin gado. Bakteriya masu son zafi kuwa, Thermus thermophilus, Thermotoga maritima da Aquifex aeolicus, duk suna riƙe da DnaK ɗinsu.

Abin da arkiyar ba su rabu da shi ba ita ce gangar. Tasu ana kiran ta tamozom, an bayyana ta a 1991 a Pyrodictium occultum da Sulfolobus shibatae. Zobenta guntu takwas ne ko tara, murfinta a jikinta yake, ba ta buƙatar GroES. In an kai Pyrodictium iyakar zafin da take iya ɗauka, gangar nan ce ke zama mafi yawan furotin ɗin da ke cikin sel ɗin. Tana aiki tare da ƙananan Hsp da wani mai miƙo mata kaya da ake kira firifoldin. Mu mutane kuwa ganga iri biyu gare mu: a cikin mitokondiriya, sashen sel mai samar da ƙarfi, akwai Hsp60 dangin GroEL na bakteriya, a ruwan sel akwai CCT dangin tamozom, mai naɗe aktin da tubulin, furotin ɗin da ke riƙe siffar sel. A ganinmu, in za ki gina kundinki a kan iyali ɗaya, gangar ta fi Hsp70 ba da labari.

Ki kuma lura da makunnin. Kayan aikin sun yi kama, amma abin da ke kunna su kowa da nasa. E. coli da wani furotin mai suna sigma 32 take kunnawa: a zaman lafiya DnaK yana riƙe shi yana miƙa shi a farfasa, in furotin sun warware DnaK ya tafi aiki, sigma 32 ya sami sake. Bacillus subtilis da HrcA take toshewa, Pyrococcus da Phr, mu da HSF1 muke kunnawa.

Ga yadda za ki yi aikin. Ki yi amfani da jerin furotin, kada ki yi da na DNA. Harafi na uku na kowane kodon, wato haruffan DNA uku masu nuna amino asid ɗaya, ya riga ya sauya sau da yawa, kuma G da C a Thermus thermophilus sun kusa kashi 69 cikin ɗari, a M. jannaschii kuwa wajen 31, wannan kaɗai zai haɗa miki waɗanda ba dangi ba a reshe guda. A UniProt, rumbun jerin furotin na intanet, ki ɗauko P0A6Y8, shi ne DnaK mai amino asid 638. P0A6F5, GroEL mai 548. P0DMV8, Hsp70 na mutum mai 641. Da P10809, Hsp60 na mutum mai 573. Ki yi BLASTp, ki rubuta sunan halittar a gurbin da aka tanada. Kafin ki ce "babu" a Pyrococcus, ki yi irin neman a Thermus. In can ya fito da kamance sama da rabi, to hanyarki lafiya take, kuma rashin samun nan sakamako ne da za ki rubuta.

Kada ki dubi kashin kamance kaɗai, ki dubi nawa ne na tsawon sarƙar ya shiga jerin. Abin da ya rufe ƙasa da kashi 70 na tsawon, ki yi shakkar sa. Aljihun ATP na Hsp70 dangin na aktin ne da MreB, saboda haka wani ɗan guntu kan iya fitowa da raunin kamance ya ruɗe ki. Duk wanda kika samu, ki mayar da shi ki nema a E. coli, in bai dawo miki da DnaK a sahun farko ba, ba shi ba ne. E. coli kanta tana da HscA da HscC, ƴan ɗaki ɗaya da DnaK masu wani aikin daban. Mutum ma yana da Hsp70 fiye da goma, kuma na mitokondiriya, HSPA9, ya fi kusa da DnaK a kan na ruwan sel. Wanda ya cakuɗa su ya sami bishiyar dangantaka da ba ta da kai.

Ki jera da MAFFT ko Clustal Omega, ki yanke baki da wutsiya inda jerin ya wargaje. Amino asid 26 na farkon Hsp60 na mutum takardar shiga mitokondiriya ce, ba ta da takwara a GroEL, a cire ta. Ki gina bishiya a MEGA, ki maimaita gwajin ƙarfin rassa sau 1000, reshen da bai kai 70 ba kada ki ɗora hujja a kansa. Ki sauke duk fayilolin FASTA ranar da intanet ya yi kyau. MEGA yana aiki a kwamfuta ba tare da shi ba.

Daga mai lambu a Jiratawa: Na tara taki da karan gero da kashin awaki. Kwana uku na sa hannu ciki na kusa ƙonewa. Rana ce ta dafa shi, ko ya lalace?

Amsa: Baba, Allah ya yi wa lambu albarka, takinka lafiya lau yake. Zafin daga ciki yake tasowa. Ƙananan halittu na cin kara da kashi suna fitar da ɗumi, tulin ya riƙe shi. Daga wajen digiri 45 na farkon su ja da baya, masu son zafi su karɓa: Bacillus, Geobacillus, Thermoactinomyces, wani lokaci har Thermus. Su ne ƴan'uwan waɗanda masana ke nema a maɓuɓɓugan ruwan zafi irin na Tafadek a arewacin Agadas, ga su a bayan lambunka.

Abin nema shi ne digiri 55 zuwa 65. Nan ne yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa ke mutuwa, amma a tsakiyar tuli kawai, shi ya sa sai an juya na gefe ya shiga ciki. In ba ma'auni, a soka rodi har tsakiya a bar shi minti goma. In an zaro hannu bai iya daɗewa a kansa ba, an kai. In ya wuce 70 a juya, don a nan su kansu masu son zafin sun fara bugewa, aiki ya ragu, sinadarin da shuka ke so ya tashi a iska.

Tuli ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, ƙarami ba ya riƙe zafi. Busasshen kara kashi biyu zuwa uku, kashin dabba da ɗanyen ganye kashi ɗaya, a sassara karan gajeru. Ruwa kuwa a damƙi taki a matse: ya jiƙa hannu, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Warin fitsari na nufin kashi ya yi yawa, a ƙara kara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, a baje a juya. In ya huce tun bai nuna ba, galibi bushewa ce, musamman da bazara. A yi shi a inuwa a rufe da tsohuwar tabarma. Farin abu kamar toka a ciki alamar zafi da bushewa ce. A yayyafa ruwa kafin a juya, a rufe hanci, don ƙurarsa in ana yawan shaƙa tana kawo ciwon huhu.

Daga mai sana'ar yawur, unguwar Zariya: An ce mani in na ɗumama madara a hankali ƙwayoyin cuta suna sabawa da zafin su ƙi mutuwa. Gaskiya ne? Kuma wai abin tsamin yawur mai son zafi ne, me ya sa nawa yake ƙin kamawa in na zuba da zafi?

Amsa: Hajiya, akwai gaskiya a maganar, amma da iyaka. Salmonella ko Listeria in suka daɗe a digiri 42 zuwa 48 suna ƙera Hsp, sai su ƙara jure zafin da ya biyo baya. Ƙarin na ƴan digiri ne da ƴan mintoci. Yana iya ɓata ɗumamawar da aka yi a bakin iyaka, wato digiri 63 na minti 30 ko 72 na daƙiƙa 15, in aka yi ta da kintace. Ba ya tsallake zafin da ake yi wa madarar yawur, 85 na minti 30 ko 90 zuwa 95 na minti biyar. Wannan zafin yana da wani amfanin: yana warware furotin ɗin ruwan madara su kama na kindirmon, shi ya sa yawur ke yin kauri bai tsatstsafo da ruwa ba. A hura wuta sosai, ana motsawa, a wuce tsakiyar nan da sauri.

Abin da ke tsira daga tafasa sifo ne na Bacillus, wani ƙulli mai tauri da bakteriyar ke shiga ta yi barci. Wannan ba ruwan Hsp. Yana farkawa in madara ta daɗe tana hucewa da kanta. A sa tukunyar cikin bahon ruwan sanyi, a sauko da ita 42 zuwa 45 da wuri.

Abin tsamin kuwa, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, ɗumi suke so, ba su kai masu son zafi na gaske ba. Sama da 50 sun fara mutuwa. Cokali biyu na cin abinci a kowace lita, a rufe awa huɗu zuwa shida, ya kama a kai firigo.

Daga ma'aikacin labo, wata cibiyar lafiya a Maradi: In enzim ɗin PCR, gwajin ninka DNA, daga halittar ruwan zafi yake, me ya sa muke ajiye shi a ƙanƙara? Kuma kwalaben gwajin otoklab ɗinmu, na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, ba su taɓa sauya launi ba, in yarda da su?

Amsa: Ɗan'uwa, enzim ɗin nan, Taq, daga Thermus aquaticus yake, wadda Thomas Brock da Hudson Freeze suka bayyana a 1969 daga maɓuɓɓugan Yellowstone a Amurka, an shigar da shi PCR a 1988. Ka lura cewa a cikin ɗan bututunka ba Hsp ko ɗaya, shi kaɗai yake shiga digiri 95 ya fito sau talatin da wani abu. Taurin a jikinsa yake. Amma yana da iyaka: a 95 rabinsa kan mutu cikin minti 40, a 97.5 cikin minti tara. Zagaye 35 na daƙiƙa 30 sun cinye kusan minti 18, don haka kada a tsawaita zafin farko ba dalili, sai in irin Taq ɗin da zafi ke buɗewa ne. Ajiya a digiri 20 ƙasa da sifili don watanni ce, gilisarol ɗin da ke ciki ke hana shi daskarewa. Ɗaukewar wuta ta ƴan awoyi ba kasafai take kashe Taq ba. Abin tsoro shi ne narkewa da daskarewa a kai a kai, da enzim ɗin da ke juya RNA zuwa DNA, wanda yawancinsa ba daga mai son zafi ya fito ba. A rarraba kaya ƙanana-ƙanana tun ranar da aka buɗe. In jerin za ka karanta harafi-harafi, Pfu na Pyrococcus ya fi, don yana gyara kuskurensa, Taq ba ya yi.

Kwalaben otoklab sifon Geobacillus stearothermophilus ne a ciki. Bayan digiri 121 na aƙalla minti 15, a fasa ƴar kwalbar ciki a rena a digiri 55 zuwa 60, gwargwadon lokacin da kamfanin ya rubuta. Ruwan ya koma rawaya, sifo ya tsira, kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin kaya bai yi ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rena su a 37 tare da sauran kaya: mai son zafi ba zai tsiro da kyau a nan ba ko yana raye, launi ya tsaya, a ɗauka an yi nasara. Kullum a haɗa da kwalba ɗaya da ba ta shiga otoklab ba. Ita dole ta sauya. In ba ta sauya ba, gwajin duka banza ne. Otoklab kuma ya fi gazawa ta iskar da ba a kora ba kafin matsi ya hau, da cusa kaya har tururi ya rasa hanya.

Daga manomi a Tibiri: Me zai hana a ɗauko ƙwayar gadon waɗannan halittu a sa wa gero da wake su daina ƙonewa?

Amsa: Alhaji, gero yana da nasa, iyalan duka: Hsp101, Hsp90, Hsp70, Hsp60, da ƙanana masu yawa, don tsirrai sun fi dabbobi yawan ƙananan Hsp. An nuna a 2000, a wata ƴar ciyawar gwaji mai suna Arabidopsis, cewa tsiron da ba shi da Hsp101 ba ya iya sabawa da zafi. Ɗumin hantsi da ke hawa a hankali shi ke shirya tsiro kafin azahar. Tururuwar azurfa ta Sahara ma haka take, tun tana rami take tanadin Hsp kafin ta fito kan yashi.

Gangar Pyrococcus an daidaita ta ne da zafin tafasa, a digiri 45 aikinta sanyi-sanyi ne. Kuma tsiron da aka tilasta wa ƙera Hsp dare da rana da abincinsa yake biya, girma ya ragu. Inda zafi ke karya amfanin gona ma sau da yawa wani wurin ne daban: tsiron gero yana fitowa ya tarar da fuskar yashi ta haura digiri 50, ko zafin dare ya lalata garin furen wake ya zube bai ɗaura ba, ko ruwa ya ƙare ganye ya kasa sanyaya kansa. Shi ya sa masu zaɓen iri, irin na cibiyar INRAN da ke Tarna, a gona suke gwada iri, su ga wanda ya tsaya ya ba da zangarniya.

Abin da ke hannunka yau shi ne rage zafin ƙasar kanta. A bar kara a kwance a gona maimakon a kwashe ko a ƙone, yana sanyaya fuskar ƙasa yana riƙe laima. A bar gawo da kalgo da sabara su tashi ta hanyar sassaben zamani, wanda daga wannan jiha ya yaɗu tun shekarun 1980. Shuka kuma a jira ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, don tsiron da saiwarsa ke cikin laima ya fi jure rana ɗaya mai zafi a kan wanda aka binne a busasshiyar ƙasa ya sami yayyafi kawai.